Ranar da Kaka Ta Ce Tana Kan Zamani

Har gobe ba zan manta da wata Laraba ba, ranar da muka kai kwamfutoci goma sha biyu Gashua. Tunda ku sababbi kullum sai kun tambaye ni me ya sa nake fara leƙa agogo kafin in taɓa komai, to ku ja benci ku ji.

Lokacin watana huɗu a shagon nan namu na Nguru. Kafin nan na yi cajin waya a bakin tasha, na yi bandar kifi, na ja keke mai ƙafa uku na sati shida. Makaranta kuwa a aji uku na sakandare muka rabu, ba wanda ya nemi wani. Tsarin shagon haka yake: Alhaji mai wuri a sama, sai Injiniya Kabiru mai kwalin digiri a cikin gilashi a bango, sai ni Bukar, mai kwancewa da ɗaurawa da jan waya. Injiniya bai taɓa kirana da sunana ba. Aji Uku yake ce min.

Aikinmu kun san shi. Mu sayo tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo, mu zuba musu babbar manhajar nan mara nauyi wadda ko tsohuwar na'ura ke ɗauka ba nishi, mu kai wa makarantu. A cikinta akwai wani abu da muke kira mai sabuntawa. Aikinsa ya hau intanet, ya tambayi rumbun masu manhajar ko akwai gyare-gyare, ya sauko da su. To masu manhajar suka yi masa kwaskwarima, suka ce masu so su gwada kafin a sakar wa kowa. Injiniya ya sa sunansa, wai don duniya ta san akwai masana a Nguru. Aka turo takardar gwaji mai layi ashirin. Ka yi abin da layi ya ce, in ya yi ka sa kore, in bai yi ba ka sa ja ka faɗi dalili. Mutum biyu ke sa hannu.

Ran Litinin Injiniya ya gwada a sabuwar kwamfutarsa ta cinya, a ƙarƙashin fanka. Kafin azahar ya jera kore ashirin. Ya miƙo min takardar ya ce, "Aji Uku, je ka latsa a ɗaya daga na bayan can ka sa hannu. Ba sai ka wahalar da kanka da karatu ba, kore dai ka san shi."

Na ɗauko Kaka. Ita ce kwamfuta mafi tsufa a shagon, in ta tashi sai ka ji kamar injin markaɗe. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batir kamar ƙwandala, shi ke riƙe mata lokaci in an kashe ta. Na Kaka ya mutu tun kafin in zo. Da an ɗauke wuta sai ta farka a shekarar da aka ƙera ta, kuma wannan manhajar ba ta gyara agogo da kanta. Ni nake saita mata shi kowace safiya.

Na buɗe mai sabuntawa, ya jero gyare-gyare har sai na gangara ƙasa kafin in ga ƙarshensu. Ban kai ga sauko da ko ɗaya ba aka ɗauke wuta. Aka tada janareto, na sake kunnawa. Sai ga kore ƙato a fuskarta, da rubutu: "Babu sabon abu. Na'urarka tana kan zamani."

Na ce to, ina waɗancan suka shiga? Na duba ƙasa, agogo ya koma gidan jiya. Na saita shi, jerin ya dawo. Na zare waya na mayar, kore. Sau uku ina yi. Sannan na ɗauki jan biro.

"Injiniya, layi na bakwai ja ne."

"A wajen wa?"

"A wajen Kaka."

"Kaka ai kayan tarihi ce. Takardar ta ce ka zare waya?"

"Ba ta ce ba. Amma waɗanda suka rubuta ta ba su taɓa kwana a Nguru ba."

"Waɗanda suka rubuta ta sun wuce aji uku," in ji shi.

Na ce masa goma sha biyun da za a kai Gashua ma duk batirinsu ya mutu, ni na buɗe su, kuma ya riga ya zuba musu sabon abin don ya burge mai saye. Ya ce agogo ba ya hana aiki. Ya tashi ya kai ƙarata.

Alhaji bai san kwamfuta ba, amma ya san kwali. Ya kira ni ya ce, "Bukar, ɗana, mutumin nan shekara biyar ya yi yana karanta abin nan. Jibi za ku Gashua tare. In jan naka gaskiya ne, shi ke nan. In kuma neman suna kake yi da sunan shagona, kekenka yana nan bai tsufa ba."

Na ce, "Na ji, Alhaji." Na sa hannu a kan jan. Ba zan ɓoye muku ba, wannan ne aiki na farko da na taɓa so.

Ran Laraba da safe Injiniya ya saita agogon kowacce da kansa, ya nuna min suna aiki, ya ce in loda. Ban ce masa a mota babu soket ba.

Mai sayen, Hajiya Falmata, tsohuwar shugabar makaranta ce. Da ta yi ritaya ta buɗe ɗakin koya wa mata kwamfuta, yawancinsu masu sayar da shinkafa da barkono. Muka jera, na jona wayoyi, Injiniya ya gyara hula ya yi jawabi rabi Hausa rabi Turanci. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana latsawa. Kore goma sha biyu.

"Kin gani, Hajiya. Kowacce tana kan zamani."

Hajiya ta sauko da tabarau kan hanci, ta sunkuya, ta daɗe tana kallon kusurwar ƙasa.

"Wane zamanin, Injiniya?"

"Na'am?"

"Nan ta rubuta shekarar da na haifi autana. Yaron yanzu har gemu ya fara."

Matan da ke baya suka fara dariya cikin mayafi. Injiniya ya ce ƙaramin abu ne, ba shi da alaƙa da sabuntawa. Hajiya ba ta kalle shi ba, ni ta juyo ta kalla.

"Kai mai jan waya, tun ɗazu bakinka yake motsi. Me ka sani?"

Na kalli Injiniya, ya zare min ido. Na tuna keken nan da zafin rana a hanyar kasuwa. Na ce, "Hajiya, bari in nuna miki, ban iya bayani ba." Na saita agogon ta farko kawai, na latsa. Koren ya ɓace, gyare-gyare suka zubo kamar an kwance bakin buhu. Ta kusa da ita kuwa tana nan da korenta, hankali kwance.

"To wacce ke faɗin gaskiya?"

"Wadda ta san yau, Hajiya."

Ta ce ba za ta karɓi ko ɗaya ba sai duk sun san yau. Na shiga kasuwa wajen masu gyaran agogo na samo batir goma sha biyu, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Injiniya yana cikin mota yana amsa wayar da ban ji ta yi ƙara ba. A hanyar dawowa, da muka wuce rabin tafiya, sai ya ce, "Da ma tun farko na yi zargin agogon nan."

Washegari ya tura rahoto. Na gani da idona: Injiniya Kabiru ne ya gano matsalar, "da taimakon wani ma'aikacin shago". Bayan 'yan kwanaki masu manhajar suka amsa da godiya, suka yi bayani. Wai in agogo ya koma baya, rumbun ba ya buɗe wa na'urar ƙofa. Tsohon mai sabuntawa yakan yi ƙorafi da ja. Sabon kuwa an koya masa ladabi, don kar ya tsorata mutane, sai ya dawo hannu banza ya ce babu komai. Suka gyara. Yanzu rubutun da kuke gani, "Duba agogon na'urarka", daga cikin Kaka ya fito.

Alhaji bai ce min yi haƙuri ba, kuma bai sake zancen keke ba. Amma da aka turo takardar gwaji ta gaba, ni ya miƙa wa, a gaban Injiniya. Har yau Aji Uku nake a bakinsa, sai dai in abu ya cije, Aji Ukun ake aika a kira.

Abin da na koya ke nan. Ku gwada a kan mafi lalacewar na'urar da ke shago, ku zare mata waya, don haka za a yi mata a inda za ta. Kuma kar kore ya ruɗe ku, na'urar da ba ta san yau ba za ta rantse muku babu sabon abu. A sana'ar nan za ku haɗu da mutane irinta, waɗanda batirinsu ya mutu ranar da aka miƙa musu kwali, kowace safiya a shekarar suke farkawa. Na kwamfuta dai ana samunsa wajen masu gyaran agogo. Na mutum har yau ban ga inda ake sayarwa ba.