Ƙarar Jirgi a Kaset ɗin Inna

Duk 'yan Nijar da ke Greensboro sun san Malam Zabeirou da taurin kai a kan abu guda: ba ya hawa jirgin sama zuwa New York. Sau biyu a shekara yakan ɗauki hutu a siton da yake lodi a Wendover, ya je ya damƙa saƙo ga masu komawa gida. Tafiyar da ba ta kai awa biyu a sama ba, shi sai ya kwashe yini guda a jirgin ƙasa. Ko jirgin ƙasa mai gudun tsiyar nan da ake canjawa a Washington bai yarda da shi ba, wai ba ya yin ƙara yadda ya kamata.

Ƙarar kuwa ita yake nema. Mahaifiyarsa, Inna Aïchatou, tana Maraɗi, ba ta karatu, sai kaset yake aika mata. Sau ɗaya ta taɓa hawa jirgin ƙasa, daga Parakou zuwa Kwatano tare da marigayi mijinta, kuma har ta tsufa ba ta gama ba da labarin ba. Shi ya sa da jirgi ya bar tasha, Zabeirou zai ɗora rakoda a cinya ya yi ta zuba: ga gonar taba, ga kogi, ga shanu ƙatti ba makiyayi. In ya gaji sai ya yi shiru, ya bar ƙafafun jirgin su taya ta hira.

A 2007 'yarsa Chamsiya ta fara aiki, ta sayo masa tikitin jirgin sama.

"Baba, please," in ji ta. "Bayanka na ciwo. Ka daina wahalar da kanka."

Wa zai ƙi kyautar 'yarsa? Ya hau. Fito da rakodar ke da wuya, ma'aikaciyar jirgi ta ce ya kashe, kuma kafin ya tattara abin da zai faɗa har an sauka. A tsaye a filin jirgi ya ɗauki gaisuwar minti uku a kaset, ya miƙa wa matafiyi, da niyyar na gaba zai cika shi fal.

Inna ta rasu kafin damina. Da ya buga waya gida, ƙanwarsa Ousseina ta faɗa masa abin da har yau yake ci masa rai.

"Yaya, kaset ɗinka ya iso. Ta yi ta sa ni in juya shi, gaba da baya, wai jirgin yana ɗaya gefen."

Bai taɓa gaya wa Chamsiya ba.