Kyandir ɗin Kwabena

Duk Mampong babu wanda bai san Madam Dufie ba, shugabar firamaren bayan kasuwa, mace mai kwarjini wadda iyayen yara ma ke gyara tsayuwa idan ta tunkaro. Amma 'yan ajinsu na sakandare ba wannan matar suka sani ba, Dufie mai tukwane suka sani. Ubanta manomin koko ne da gonarsa ta ƙone, sai makarantar kwana ta riƙe ta bisa sharaɗin ta riƙa taya masu girki wanke-wanke. Shekara biyar ta yi tana kankare ƙanzo, wasu na filin wasa. A ajin kaf, Kwabena Ntim kaɗai ke zagayowa bayan kicin ya taya ta ɗauraya. Shi ta aura, bara kuma ta binne shi.

Da aka tashi shirya taron cika shekara talatin da gama makaranta, ita ta fi kowa rawar ƙafa, tunda ita ke gari. Ta nemo zaure, ta bi tsofaffin malamai gida-gida. Abu ɗaya take so. A irin wannan taro ana karanta sunayen waɗanda suka rasu, a kunna wa kowanne kyandir, ita kuwa tana son sunan Kwabena ya fito daga bakinta.

Ranar rabon aiki, Lauya Bempong, tsohon shugaban ɗalibai, ya taso daga Akara da tumbinsa da dabararsa.

"Jama'a, me zai sa mu wahalar da kanmu? Kowa ya koma kan aikinsa na da! Mai ƙararrawa ya kaɗa abarsa. Fasto Amofa ya riƙe addu'a da sunayen mamata, da ma shi ke ja mana ibada."

Aka kece da dariya, har da tafi.

"Sista Dufie kuwa ai ba sai an faɗa ba," in ji wata mai gashin doki. "Tukwane na gaishe ki!"

"Shugaba, mijina yana cikin sunayen nan," in ji Dufie. "Ku bar ni in karanta."

"Haba Sista, wasa ne fa, kar ki ɓata mana shi. In an zo wurin za a kira ki."

Matar da ke tsawata wa yara ɗari shida sai ga ta ta haɗiye maganarta kamar 'yar shekara goma sha huɗu. Ta koma gida tana jin haushin kanta fiye da nasu.

Ranar taro ta ɗaura zaninta mai baƙi da fari, irin na tunawa da mamaci. Masu girki suka makara, ga dokunu, wato tuwon ƙullun masara, da soyayyen kifi na mutum ɗari da ɗoriya, dole ta naɗe hannun riga. Tana aiki, kunnenta na ƙofa. Babu wanda ya leƙo. Can sai ta ji an ɗauki waƙar rufe addu'a. Ta fito da gudu, hannu duk kumfa, ta tarar da kyandir goma sha ɗaya suna ci, Fasto yana linke takardarsa.

"Yauwa Sista, kin zo a daidai!" in ji Bempong. "A fara kawo abinci, mutane sun galabaita."

"Wa ya kunna na Kwabena?"

Ya dubi Fasto, Fasto ya dubi takalminsa.

"Gaskiya ban lura ba," in ji Bempong. "Amma dai an kunna."