Ƙanƙarar da Auta ya riƙe mini

Shekarun baya, lokacin autanmu yana da rai, na yi kusan shekara ina zarginsa da ƙarya. Ba na yawan maganarsa a nan. Amma azumi ya kama, kuma duk azumi sai abin ya dawo mini.

Mu uku Inna ta haifa. Babban wanmu ya tafi haƙar zinariya a Jado, can arewa cikin hamada, rami ya rufta da shi. Ba mu ga gawa ba. Abokin tafiyarsa ne ya kawo mana jakarsa, a ciki har da wani faffaɗan tabarau mai igiyar roba, irin wanda suke ɗaurawa saboda ƙura. Bayan an share makoki, Inna ta kama hannun Auta ta ce ya yi mata alkawari, ko yunwa za ta kashe mu ba zai taka wurin zinariya ba. Ya yi. Ta ce ranar da ya taka, ba ta yafe masa ba. A gabana aka yi.

Auta bakanike ne. Ya yi aiki a masana'antar siminti ta Malbaza, yana gyaran bel ɗin da ke jan duwatsu. A nan ya shaƙu da wani bature da aka kawo duba injuna, shi ne ya nema masa takardun aikin 'yan watanni a ƙasarsu. Sai ya zama ɗan ci-rani kamar sauran samarin garinmu Tsarnawa: a gama girbi ya tafi, kafin ruwan shuka ya dawo. Wasu Abijan suke zuwa, wasu Legas, shi kuwa ya ce duwatsun Faransa yake zuwa, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa.

Na ce masa, "Wane aiki ake yi cikin ƙanƙara?"

Ya ce, "Kujeru ne rataye a jikin waya, Yaya. Inji yana jan su da mutane har saman dutse. Ni nike kula da injin. In yaro ya faɗi wajen hawa, in tsayar."

"In sun kai sama fa?"

"Su ɗaura katako a ƙafa su sulalo ƙasa."

"In sun sauko mi suka samu?"

"Ba komi. Su sake hawa."

Muka yi dariya har Inna ta ce mun cika ta da surutu. Amma na riƙe maganar a raina. Ban taɓa jin inda manya masu hankali ke biyan kuɗi don a kai su inda za su gangaro ba.

A shekara ta biyu ya dawo ana tsakiyar zafi. Auta fari ne, hasken Inna ya ɗauko. Ranar da ya sauka daga mota sai na ga fuskarsa ta ƙone ta yi baƙi, hancinsa yana saɓa, leɓɓansa sun tsage. Kewayen idanunsa kaɗai ya rage da haske, zane guda har zuwa kunnuwa. Ni kuwa abinci nake sayarwa a tashar Konni. Na san wannan fuska. Ita nake gani a kan samarin da ke saukowa daga Jado.

Washegari na ɗauki kayansa zan wanke, sai ga tabarau a ƙasan jaka, mai faɗi, mai igiyar roba. Na zauna a bakin kwano na daɗe ban taɓa ruwan ba.

Na ja shi bayan rumbu, inda Inna ba za ta ji mu ba. Na miƙa masa tabarau.

"Auta, wane sanyi ne ke ƙona fuska?"

Ya yi dariya. Ya ce ƙarshen lokacin aikin haka yake. Sanyi yana ja da baya, rana tana ƙarfi, ta doki farar ƙasa ta dawo maka a fuska, ta ci ka ta sama ta ci ka ta ƙasa. In ba ka sa tabarau ba, ka kwana idonka na hawaye. Ya ciro salula ya nuna mini hoto: ƙasa fari fat, sama babu gajimare, turawa kishingiɗe a kujeru da riguna masu gajeren hannu suna shan lemo.

Na ce, "Waɗannan su ne masu jin sanyin?"

"Wallahi haka suke yi, Yaya."

"Gishirin Bilma ma fari ne. Direbobi sun nuna mini. Kuma turawa na zuwa kallonsa."

Nan dariyarsa ta tsaya. Ya dube ni ya ce, "Ke kina ganin zan riƙe hannun Inna in yi mata ƙarya?"

Na ce, "Yayanmu ma cewa ya yi Agadas zai tsaya."

Ya karɓi tabaransa ya wuce.

Ban gaya wa Inna ba. Na san in na faɗa, ita ba mai janye magana ba ce, kuma Auta ba zai iya rayuwa da fushinta ba. Sai na zama jandarma mai bincike ni kaɗai. Duk wanda ya sauko daga arewa ya zauna cin tuwo a rumfata, sai na tambaye shi ko ya taɓa ganin wani farin saurayi mai wushirya, mai iya gyaran inji. Wani ya ce ƙwarai ya gan shi, ya san shi sarai. Na ƙara masa nama biyu don ya saki baki. Da ya cinye, na nuna masa hoton mijin maƙwabciyata, ya ce, "Shi ne, wallahi shi ne."

Haka muka yi damina, ni da Auta gaisuwa kawai. Da aka gama girbi ya tashi tafiya, daga bakin ƙofa ya yi mini sallama. Can yana kiran mu lokaci-lokaci daga ɗakin da suke kwana shi da abokan aikinsa, sanye da ƙatuwar riga. Inna ta yi ta sa masa albarka. Ni kuma in ce a raina, ai hamada ma tana da sanyinta.

Azumin shekarar ya faɗo cikin zafi. Wata rana bayan azahar ina gidan Inna, zaune ƙarƙashin darbejiya, maƙogwarona ya bushe, sai ga kiransa na bidiyo. A waje yake, iska na kaɗa masa hula.

Ya ce, "Yaya, yau ba mutane, bari in nuna miki wurin aikina kafin a rufe."

Ya juya salular. Na ga kujerun suna tafiya a sama, yawancinsu babu kowa. Ya ce saura 'yan kwanaki a kashe injin. Kantuna sun fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Abokan ɗakinsa sun watse, wani ya tafi aikin otel bakin teku, wani ya koma gonar inabi. Ya ce su ma duk 'yan ci-rani ne. Ya nuna mini inda ƙasa ta fara leƙowa baƙa-baƙa, ya ce nan da ɗan lokaci ciyawa za ta fito, a hauro da shanu masu ƙararrawa a wuya. Da safe farar ƙasar tauri gare ta kamar siminti, in rana ta take sai ta koma kamar kunu. Wata mata ta wuce ta bayansa a guje, kan katakonta, hannuwanta a waje.

Na gani da idona. Amma zuciyar da ta shekara tana zargi ba ta sauka nan take.

Na ce, "Duƙa ka ɗebo."

"Mi?"

"Farin abin nan. Cire safar hannu ka ɗebo, ka riƙe a gaban salula."

Ya cire safar da haƙora. Ya damƙo cike da hannu ya ɗago. Muka tsaya, shi yana kallona, ni ina kallon hannunsa. Can sai ɗigo ya fito tsakanin yatsunsa. Wani ya biyo. Ruwa ya gangara ta wuyan hannunsa ya shige cikin riga. Gishiri ba ya haka.

Ya ce, "Yaya, hannuna ya mutu. In yar?"

Na ce, "Riƙe tukuna."

Ba don ban yarda ba. Na yarda tun ɗigon farko. Ban san abin da zan ce masa ba ne in ya yar.

Sai na ji muryar Inna a bayana. Ashe ta fito daga ɗaki tana tsaye.

"Ce masa ya yar, kada ki lalata mini hannun yaro."

Ya watsar, yana yarfe hannu yana dariya, yana cewa da ba azumi ba da ya cinye ta a gabana don in huta.

Da kiran ya yanke, Inna ta zauna a tabarma. Ta ce, "Kina tsammani ban ga fuskarsa ba? Har tabarau ɗin na gani, kafin ke."

Na ce, "Inna, kuma ba ki tambaye shi ba?"

Ta ce, "In na tambaya ya ce e, dole in cika maganata. Shi kaɗai ya rage mini namiji." Ta goge ido da bakin zane. "Yau dai hankalina ya kwanta, zan sha ruwa ya wuce."

Auta ya dawo kafin shuka, da fuskarsa mai zane. Ya miƙo mini hannun dama ya ce, "Ga tsarabarki, har yanzu bai yi ɗumi ba." Muka yi noma tare a shekarar. A damina ta gaba zazzaɓi ya kama shi yana tsakiyar noma. Kwana kaɗan ya yi a gidan likita a Konni, Allah ya karɓi abinsa. Inna na riƙe da hannun nan.

Na ji masa tsoron hamada, na ji masa tsoron rami, na ji masa tsoron nisa. Ban taɓa jin tsoron gida ba. Abin da nake tunawa ba zargin ba ne sosai, don ya yafe shi da dariya. Daminar nan ce da muka yi muna gaisuwa kawai, alhali damina biyu ce ta rage mana bayanta. Yanzu in wani nawa ya gaya mini abin da hankalina bai kai ba, nakan bar masa wuri. Duniya ta fi tashar Konni faɗi.

Tabarau biyu suna cikin akwatin Inna, na wanmu da na Auta. In ba ka san su ba, ba za ka bambanta ba.

Jiya da yamma na sayi ƙanƙarar buɗa-baki. Na fasa, na ware ɗan guntu na riƙe a tafin hannu. Ɗiyata ta ce, "Mama, za ta narke, sa a kofi mana."

Na ce mata, "Bari tukuna."

Allah ya jiƙan namu da naku.