Zakiyya da Ƙwaryar Bayan Ƙyaure

Zakiyya Mudathir taubashiyata ce, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kanta. Gajera ce, kuma tun muna yara a Ƙofar Dumi take da wata ɗabi'a mai ban haushi: ka yi mata tambaya, sai ta tsaya tana kallonka kamar ba Hausa ka yi ba, sai can ta amsa. Mu muna gudun ɗakin kakarmu saboda warin man zafi da yawan mita, ita kuwa can take wuni.

Da ta gama sakandare ta yi kwas na kula da tsofaffi a gida, ta dawo da sabon iyayi. Idan ka ce "majinyaciyarki", sai ta gyara maka, ta faɗi sunan matar. Wai abu na farko da aka koya musu shi ne a san mutum kafin a san ciwonsa: yadda yake so a kira shi, abin da yake ci, abin da yake jin kunya. Wai kuma ƙwaƙwalwar tsoho daga baya-bayan nan take fara zubewa, na jiya ya tafi, na ƙuruciya ya dawo sabo fil. Na ce mata ko ni mai sayar da atamfa na san wannan ba tare da na zauna a aji ba. Ta yi mini irin kallon nan nata.

Ta yi aiki a gidaje da dama, amma gidan da nake son ba da labarinsa yana bayan shagona. Nan Inna A'i take, tsohuwar Bafulatana da ta tashi a ruga wajen Gubi, kafin mijinta ya sayar da shanu su dawo gari. Mijin ya daɗe da rasuwa. Tana hannun ɗanta Sabitu, malamin makaranta, wanda duk unguwa ta sani a matsayin ɗanta na fari, da matarsa Khairat. Da mantuwa ta kama tsohuwar suka ɗauki Zakiyya.

Da rana Inna A'i ba ta da matsala. Amma da almuru, rana ta yi ja ana shirin kiran magariba, sai ta tashi ta zuba kindirmo a wata ƙaramar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ajiye bayan ƙyauren ɗakinta. Ta zauna ta zuba wa zaure ido.

"Bai shigo ba," in ji ta.

"Wa, Inna?" Zakiyya ta tambaya.

"Wancan."

Daga nan sai ta yafa mayafi ta nufi waje. An taɓa tsinto ta a bakin titi inda keke ke lodin Gubi, ba takalmi, babura na wucewa ta gefenta. An yi ruƙiyya, an yi turare, ba abin da ya canja. Khairat ta daina bi ta ƙofar ɗakin idan duhu ya fara, kuma ban ga laifinta ba, domin da safe ƙwaryar nan a bushe ake samunta. Gidan ba kyanwa. Na san ɓera yana shan nono, amma ban taɓa jin ɓeran da ke mayar da faifai ya rufe ba.

Sabitu ya sayo kwaɗo. Ba mugun mutum ba ne, tsoro yake ji wata rana a kawo masa gawar uwarsa daga kan titi. Ya ce daga yau, tun la'asar har isha'i, a kulle ɗakin. Zakiyya ta ce matar da ta girma a fili ba katanga, in aka kulle ta, za ta yi ta bugun ƙyaure har hannunta ya fashe. Ta roƙi a ba ta 'yan kwanaki. Ya yarda, amma ya rataye kwaɗon a ƙusa kusa da ƙofar, ya ce in ta sake fita ko sau ɗaya, magana ta ƙare.

Da farko Zakiyya ta ɗauka mijin ake jira, tunda matan dauri ba sa faɗin sunan miji. Ta zauna kusa da ita, ta riƙe hannunta, ta ce a hankali, "Inna, Malam fa Allah ya yi masa rasuwa."

Tsohuwar ta harare ta. "Ni za ki gaya wa? Wa ya yi takaba?"

Ranar Zakiyya ta sha kunya, ni kuwa na sha dariya. Bayan kwana biyu ta shigo shagona da yamma, ta zauna kan benci ba ko gaisuwa.

"Gwaggo tana kiran sunan Yaya Mansir?" ta tambaye ni. Tana nufin mahaifiyata da babban wanmu.

Na ce, "Kin taɓa ji? Har yau 'wannan yaron' take cewa, ga shi da furfura."

"To Gwaggo 'yar birni ke nan. Inna A'i kuwa 'yar ruga ce, inda alkunyar ɗan fari ta fi ko'ina tsanani. Amma tun safe take ƙwala kira, Sabitu, Sabitu, har da jan kunnensa."

Na buɗe baki in ce zaman gari ne ya cire mata kunyar, sai na gane inda ta dosa. Shekara da shekaru muna jin kiran nan ta kan katanga, ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunani.

Zakiyya ta faɗa wa Sabitu cewa tana zargin ba shi ne ɗan fari ba. Ya ce ta raka shi ƙauyen Inkil wajen Baffa Hammajoda, ƙanen mahaifinsa, wanda har yanzu yake da 'yan shanu. Da suka yi masa tambayar, tsohon ya dubi Sabitu.

"Akwai wani kafin kai," in ji shi. "Hamma muke ce masa. Bai fi tsayin sandar nan ba. Muna Gubi, tun ba a gina madatsar ruwan ba. Ya bi maruƙa da yamma, maruƙan suka dawo, shi bai dawo ba. Mun nema har muka gaji. Uwarka ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne, da wane ido? Ba ta tambayi kowa ba. Mu ma muka yi shiru."

"Sunansa na yanka fa?" Sabitu ya tambaya.

"Na manta, wallahi. Ita kaɗai ta rage da shi."

Ita kuwa ba za ta faɗa ba. Ciwon ya ɗauke mata sunan unguwa, ya ɗauke na jikokinta, amma kunyar nan tana nan daram.

Zakiyya ba ta ce a yi wa tsohuwar ƙarya ba, kuma ba ta ce a gaya mata yaron ya mutu ba, tunda ba wanda ya ga gawarsa. Abin da ta roƙa kawai shi ne Sabitu ya riƙa dawowa gida kafin magariba, ya yi sallama, ya zauna kusa da uwarsa a lokacin da hankalinta ke tashi, kuma kada ya gyara mata magana. Tana fatan ganin ɗa a kusa zai rage mata jiran. Abin da ya biyo baya ita ma ba ta zata ba.

Ina gidan ranar, na fake da kawo wa Khairat atamfa. Inna A'i ta ajiye ƙwaryarta, ta zuba wa zaure ido, ta riga ta ɗauki mayafi. Sai Sabitu ya yi sallama. Haske na bayansa, fuskarsa ba ta fito ba. Tsohuwar ta tsaya cak. Ta ja mayafin ta rufe rabin fuska, ta juya kai ga bango. Ta miƙa hannu baya ta jawo ƙwaryar, ta tura masa ba tare da ta dube shi ba.

"Ki ce wa wancan ya sha," ta ce wa Zakiyya. "Ya daɗe."

Sabitu ya dubi Zakiyya, Zakiyya ta sunkuyar da kai. Ya durƙusa, ya ɗaga faifan, ya shanye. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Tun ranar Inna A'i ba ta ƙara fita ba. Kwaɗon yana nan a ƙusa, ya fara tsatsa. Kullum Sabitu yana dawowa kafin magariba, ko ana ruwa, kuma kullum tana kawar da kai ta tura masa ƙwarya. Zakiyya ta taɓa tambayarsa ko abin ya yi masa nauyi, a nemi wata hanya, domin a ganinta shi ma mutum ne da ya kamata a kula da shi. Ya ce a bari haka. Kiran da muka saba ji ta kan katanga dai ya ɗauke.

Kwanan baya Zakiyya tana shafa mata mai a ƙafa, Sabitu na zaune a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, sai tsohuwar ta taɓa kafaɗarta, ta yi ƙasa da murya.

"Ke yarinya, ina Sabitu? Kwana biyu ban ga Sabitu ba."

Zakiyya ta ɗaga kai ta dubi bakin ƙofa. Sabitu ya ajiye ƙwaryar, ya mayar da faifan ya rufe.

"Yana nan lafiya, Inna," in ji shi. "Ya ce a gaishe ki."