Ƙararrawar da Ta Kai Mu ga Kaka

Ko zan manta launin rigar aurena, ba zan taɓa manta Asabar ɗin da karen Kaka ya fitar da mu kunya ba.

Lokacin ina budurwa a Daɗin Kowa, kaina cike da littattafan soyayya. Kaka, mahaifin Baba, ya baro ƙauye ya dawo wurinmu da karensa Barsu. Ja ne siriri, kunnuwa a tsaye, wutsiya a naɗe kamar awarwaro, goshi a tattare kamar mai begen masoyiya. Ba ya haushi, sai ɗan kuka mai kama da waƙa, ga 'yar ƙararrawa a wuya. Kunya karen yake ba ni, don saurayina ƙaton karen Turai gare shi.

"Karen da ba ya haushi, gadin me zai yi?" in ji Mama. Har ta yi magana da mai sayen karnuka, zai zo ran Litinin.

Kaka ya ce, "'Yata, da irin wannan kakanninmu suka hau duwatsun nan, tun Bature bai san kuza ba. Farauta ba ta son surutu. Shi ya sa ake rataya musu ƙararrawa, a san inda suka nufa."

Ran Asabar da safe Kaka ya fita neman ganyen magani, Barsu na biye. Ruwa ya sauko, gajimare ya lulluɓe duwatsu, har rana ta raba bai dawo ba. Saurayina ya zo da karensa don taya mu nema. Haushi kam karen ya yi, amma ya ƙi taka laka.

Sai ga Barsu jiƙe sharkaf. Ya ja bakin zanena, ya juya, muka bi shi cikin gajimaren. Ba ma ganinsa, ƙararrawar kawai muke bi, zuciyata na bugawa tare da ita, har bakin wani tsohon ramin kuza. Kaka na ciki, ƙafa ta gurɗe, ruwa ya kai masa ƙugu.

Da aka fito da shi yana rawar sanyi, ya dubi Mama ya ce, "Da haushi ya tsaya yi, da yanzu fasto kuke nema."

Ran Litinin Mama da kanta ta tari mai saye a ƙofa. "Oga, yi haƙuri, wannan ɗan gida ne."

Saurayin nan shi ne mijina yau, jikokin Barsu ke kwance a tsakar gidanmu, kowanne da ƙararrawarsa. Tun ranar na daina raina abin da na gada don kawai ba ya surutu.