Mutum Mai Tauraro a Ƙirji

Shekara ashirin da shida kawuna ya yi yana wanke duro a bayan wani kamfanin sinadarai, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Duro. Idan an juye abin da ke ciki, sai a mirgino masa duron, ya kankare takardar jikinsa da wuƙa, ya ɗauraye sau uku, ya kife. Filin nasa ko ciyawa ɗaya babu, tsuntsu ma ba ya sauka. Idan rana ta take, robar ta ɗau zafi, sai ka ji bum, bum, daga wannan layi zuwa wancan, kamar da mai ƙwanƙwasawa daga ciki. Ni da nake tuƙa motar kamfanin ban taɓa son tsayawa a wurin ba. Shi kuwa cewa yake gaisawa suke yi.

Bai yi boko ba, amma kada ka kuskura ka ce bai san aikinsa ba. Hotunan jikin takardar yake karantawa. Mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa, huda shi yake da ƙarfe don kada wani ya zuba ruwa. Mai mataccen kifi ma haka. Sai wani hoto guda: mutum baƙi wuluk, ba ido ba baki, da farin tauraro a ƙirji. Wannan Kawu ya yanke wa kansa cewa lambar yabo ce, alamar kaya na gari, don masu ɗauke da shi sun fi kauri, kuma ko wari ba su da shi. Bai tambayi kowa ba, babu kuma wanda ya ga ya dace ya tsaya ya yi wa mai wanke duro bayani. Wannan shi ke ci mini rai har yau.

Irin waɗannan ba ya ba bare, na gida yake ajiye wa. Mafi kyawunsu ya kai wa 'yarsa Auta ranar da ta tare. Takan yi alfahari da shi: ruwanta ba ya gansakuka, ba ya tsutsa, sauro ma ba ya raɓarsa. Kyanwar gidan gara ta sha na kwata da ta sha nasa. Muka riƙa dariya muna cewa kyanwar ce ba ta san daɗi ba.

Cikin shekara takwas Auta ta yi ɓari huɗu. An je asibiti, an je wajen masu magani, dangin miji sun faɗi abin da suka faɗa. Bana ga ciki na biyar, wata shida, kowa a danginmu addu'arsa ɗaya.

Sai doka ta zo cewa kowane duro sai an buga masa tambari a jikin robar, ɗan murabba'i mai ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda, wanda wuƙa ba ta kankarewa. Ka haska shi da waya, ta gaya maka abin da ke ciki, inda aka yi shi, da abin da yake yi wa mutum. Wata Talata da hantsi jami'ar hukuma ta zo duba ko an bi dokar. Ina wurin ina sauke kaya. Kawu, da son burgewa, ya mirgino mata wani sabo mai tauraro.

"Ranki ya daɗe, gwada wannan. Shi ne sarkinsu."

Ta haska. Wayar ta yi magana da muryar mace, a natse, ba hawa ba sauka. "Yana shiga jikin roba, wanki ba ya fitar da shi. Yana iya cutar da jaririn da ke cikin uwa. Kada a sake zuba komai a mazubin."

"Sake mini," in ji Kawu.

Ta sake. Muryar ta maimaita, ko a jikinta.

"Baba, ai duka kuna huda su, ko?" jami'ar ta tambaya.

Ya ajiye wuƙar, ya dube ni. "Ta da mota."

Muka kama hanyar gidan 'yarsa. Muka tarar da Auta a tsakar gida tana shanya. Ko sallama bai yi ba, ya wuce ta, ya sa kafaɗa ya kifar da duron. Ruwan ya malale garai-garai, ya bi ta ƙafafunmu, har da sanyinsa.

"Innalillahi! Baba, me ruwan ya yi maka?"

Ya juyo ya dubi cikinta. Ita kuwa ta dafe ciki tana 'yar dariya, a zatonta tsufa ne ya fara taɓa shi.

"Ka zubar mini, alhali likita ta ce in riƙa sha da yawa saboda yaron. Wallahi ina ƙoƙari, Baba. Daga safe zuwa yanzu kofi shida na sha."