Rumbun Inna

Baba ya musulunta damina biyu kafin ya rasu, ni da ƙannena muka bi shi. Inna kuwa ta ce Bamagujiya aka auro ta, a haka za ta koma. Ba wanda ya matsa mata. Tana noman gayaunarta a bayan gida, tana zuba dawarta a ɗan rumbun da ta gina da hannunta.

Bayan sadakar arba'in, alƙali ya aiko muhutinsa, wato magatakardansa, daga Maska ya rubuta abin da mamaci ya bari. Ni ne babba, ni na zagaya da shi. Lokacin kaina rawa yake, ga sabon rawani, ina so malamin birni ya san ubana ba matsiyaci ba ne. Muka duba shanu da gandu, muka zo rumbuna. Ya nuna ƙaramin, ya tambayi mai shi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, duk abin da ke gidan nan na Baba ne."

Ka ji wauta. A wurinmu haka ɗa mai ladabi yake amsa baƙo, ko akuyar mace ce sai a ce ta maigida. Shi kuwa Malam ya rubuta.

Ranar rabo alƙali ya ce Inna ba ta da tumuni, kason gadon matar mamaci, addini ya raba su. Wannan ko gezau ba ta yi ba. Sai aka ce dawar ƙaramin rumbun ita aka ware ushirar alƙali, har an loda wa jakuna. Na miƙe ina rantsuwa ta Inna ce. Aka karanto mini maganata.

Na bi ta ɗaki na durƙusa, ina kuka kamar ba magidanci ba, na ce ta ɗauki kasona duka.

Ta ce, "Ba dawar ce ta dame ni ba. Kana ƙarami kai ka taka mini ƙasar rumbun nan. Aka tambaye ka, ka ce ba ni da komai."

Washegari ta saɓi fartanyarta ta tafi wurin 'yan'uwanta, wajen Kafur. Na ce bari ta huce. Wallahi har yau wannan "bari" tana cin raina.

Da aka yi girbi na ɗaura wa jaki dammuna na bi ta. Kawuna ya tare ni a ƙofar gida, ya dubi kayan, ya ce in sauke ko in juya, duk ɗaya, kwananta shida a ƙasa.